Laujen Bahago

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka da iyalinsa duka a can Katsina. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kiyaye mana hanyoyinmu da masu bin su. Mu nan Batsari lafiya lau, gero ya nuna, wake ya yi kyau, sai godiya.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Innarka ta faɗa mini abin da ka gaya mata a waya, cewa an ɗauke ka aikin malamin gona an tura ka Safana, kai kuma ka ce ba za ka je ba. Wai kafaɗata ta daina ɗaga guduma, kaka ta matso, mutane suna jiran laujunansu, in ka tafi wutar maƙerarmu ta mutu. Ka kuma ce kada ta gaya mini. Abba, shekara nawa kana zaune da matar nan ba ka san ta ba? Ko wayar ba ta ajiye ba ta fara kirana.

Na yi farin ciki da aikin nan har na rasa inda zan sa kaina. Na kuma ji daɗin tausayin da ka yi mini, ba zan ɓoye ba. Amma maganar ƙin tafiya ban yarda da ita ba. Da a waya zan yi maka bayani, da na gaishe ka na tambayi kawunka na kashe, don kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, bakina ba ya buɗuwa a gabanka. Yawancin hirar da muka taɓa yi da kai, da zuga-zugi da guduma muka yi ta. Shi ya sa na ɗauki biro. Ka zauna ka karanta a tsanake, zan ba ka labarin shirmen da na tafka a ƙira, ko ka tsinci abin tsinta.

Ka san ni ba ɗan maƙera ba ne. Kakanka manomi ne, allo da fartanya ya bar mana. Lokacin da aka fara tura ni koyarwa a firamaren Wagini, ɗakin da aka ba ni bango ɗaya ne da maƙerar Baba Tanko. A lokacin ba Baba ba ne, Tanko ne kawai, ƙato mai dariya, ya ɗan girme ni. Da farko ƙarar ƙarfensa ta hana ni barcin rana, na fita da niyyar in yi masa magana. Na iske yana fitar da jan ƙarfe daga wuta yana lanƙwasa shi yadda ya ga dama, sai na manta abin da ya kawo ni. Na tsuguna. Washegari na sake tsugunawa. Kafin a yi hutu ni ke yi masa zuga in an tashi makaranta, in koma ɗaki da farin alli a hannu da baƙin gawayi a hanci. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai malamin boko ya rasa abin sha'awa sai sana'ar da bai gada ba. Ni kuwa ko a jikina.

Shirme na farko na tafka shi ne bayan na dawo Batsari na yi aure. Na sayi uwar maƙera, wannan dai guntun ƙarfen da ka tashi ka gani a kafe muna dukan aiki a kansa, na sa aka ɗinka mini zuga-zugi na fatar akuya, na ce ni ma yau na zama mutum. Sai na duba gidan nan kaf na zaɓi wurin da ya fi inuwa, jikin dangar karan dawa da ta raba mu da maƙwabci. Inuwa kawai na duba. Ina cikin zuga da ƙarfina duka, iska ta juyo, tartsatsi ya tashi ya sauka a danga. Kafin in ajiye zuga-zugi wuta ta kama. Innarka tana da cikinka a lokacin, amma ta fi ni zafin nama, ta juye randa, ta juye bokiti, har ruwan tsamiyar da ta jiƙa don kunu bai tsira ba. Da hayaƙi ya lafa sai ga mu muna kallon tsakar gidan maƙwabci, shi ma yana zaune a tabarma da kwanon fura yana kallon namu. Ya ce, "Malam, sannu da aiki. An fara ke nan?"

To, duk inda za ka kafa wuta, ka fara duba inda iska ke bi kafin ka duba inuwa. Ka nisanci danga da zana da rumbu. Bokitin ruwa da tulin yashi su zauna kusa da hannunka tun kafin ka kunna. Kuma kada ka zauna gaban wuta da rigar leda irin ta 'yan ƙwallo da kuke so, tartsatsi ɗaya ke narka ta a jikin mutum. Tsohuwar rigar auduga ta ishe ka.

Bayan an gyara danga sai na shiga rigima da gawayi. Na je wurin mai shayi na sayo irin nasa, don ya fi kusa. Gawayi ne mara nauyi, kana zuga yana tashi sama yana zama toka, ƙarfe kuwa yana kwance yana hutawa abinsa. Na yi gumi har na gode Allah. Sai daga baya na koma gawayin ƙirya, mai nauyi, wanda in ka buga biyu za ka ji suna amo. Da na samu wuta mai kyau kuma sai na wuce gona da iri. Ina aiki a fili cikin rana tsaka, ba na ganin launin ƙarfe sosai, ina ta zuga ina jira ya yi ja, ashe ya daɗe da wuce ja. Can na ga farin tartsatsi yana fita daga jikinsa yana walƙiya. Wallahi kyau ya yi mini, har na ƙwala wa Innarka kira ta zo ta gani. Ta zo ta tsaya muna kallo tare. Da na ciro, rabin ƙarfen babu, sauran ya zama kamar ƙanzo.

Ka yi aiki a ƙarƙashin rumfa, inda idonka zai ga launi na gaskiya. Ja mai duhu bai isa duka ba, wahalar da kanka za ka yi, wani ƙarfen ma tsagewa yake. Ka bari ya yi ja mai haske yana neman komawa ruwan ɗorawa, a nan yake da biyayya. In ka ga farin tartsatsi yana fita daga ƙarfen kansa, ƙonewa yake yi, ka cire. Kuma in ya fito wuta, ba lokacin tunani ba ne. Tunaninka ka yi shi tun yana ciki, ka san inda guduma za ta sauka, don ba ya jiran kowa.

Yanzu ga wanda har gobe Baba Tanko yake ba mutane labari a kasuwa. Ka san maƙera suna cewa wuta ba ta cin su, kuma na sha ganin suna wasa da ita ranar biki. To ni da na daɗe ina zama cikinsu, ina cin tuwonsu, ina shaƙar hayaƙinsu, sai wani abu ya raya mini cewa ai ko yaya ne na ɗan shafa. Wata rana ƙarfe ya suɓuce daga awartaki ya faɗi ƙasa. Ya riga ya yi baƙi, ba alamar ja. Na kai hannun dama na cafke shi da gadara. Abba, ihun da na yi, kajin gidan nan sai da suka haye katanga. Da Tanko ya zo duba ni, ya kalli tafin hannuna, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, mi ya kai ka? Mu da muka gada ma, ranar da ba 'yan kallo da awartaki muke ɗauka."

Ƙarfen da ya yi baƙi bai huce ba. Duk abin da ke kwance kusa da wuta, ka ɗauka mai zafi ne har sai ka kara bayan hannunka kusa da shi ka ji. Awartakinka kuma ya zama ya kama aikin daram, in yana rawa ka gyara bakinsa kafin ka ci gaba. Wannan ƙuna ta sa na yi makonni ina rubutu a allon aji da hannun hagu. Rubutun yana hawa yana sauka, yara suna danne dariya, ni ina jin kamar an ɗaure ni. Na ɗanɗani wahalar aiki da hannun da ba naka ba, amma da hannuna ya warke sai na manta. Da ban manta ba, da na rage maka wata wahala daga baya.

Sai maganar wuƙar layya. Na samu guntun sifirin mota, na ƙera wuƙa mai kyau, na yi mata ƙota, na yi ta nuna wa mutane tun Sallah da saura. Da na zo ba ta ƙarfi, na gasa ta ta yi ja, na tsunduma ta gaba ɗaya cikin ruwan randa mai sanyi. Na ji ta yi wani ɗan ƙas, na ce ai ƙarfi ne yake shiga. Ranar Sallah, Allah ya taimake ni da tsohuwar wuƙa na yi yanka. Wurin fiɗa ne na zaro sabuwa a gaban kakanka na wajen uwa da ya zo mana yini. Tana taɓa ƙashi ta rabu biyu, rabi a hannuna rabi a cinyar rago. Surukina ya dubi wuƙa, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa albarka, ai yanzu kana da biyu."

Ƙarfen sifiri ba ya son ruwan sanyi. A baƙin mai za ka tsoma shi, kuma bakin kaifin kawai, ka tsaya a gefe don yakan kama da wuta. Bayan nan ka goge shi ya yi haske, ka ɗumama shi a hankali daga baya har bakin ya ɗauki launin busasshen kara, sannan ka sanyaya. Wannan ɗumamawar ta biyu ita ce ke cire masa taurin kai, ya zama yana yanka ba ya karyewa. Ka gwada da zarto, in ya zame bai ci ba sam, ya yi tauri da yawa, in ya nutse kamar a itace, bai yi ba. Kuma kada ka yi tallar abu kafin ka gwada shi a ɓoye.

Da hannuna ya fara faɗawa sai na yi kuskuren da ya kusa raba ni da aminina. Na iya fartanya, na iya magirbi, daɗi ya kama ni, na shiga ƙerawa ina rabawa kyauta. Duk wanda ya gaishe ni da kyau sai ya tafi da fartanya. Ina jin kaina mutumin kirki. Wata ranar kasuwar Batsari sai ga Tanko a ƙofar gida, ba dariya. Muka gaisa, ya ƙi shan ruwa. Ya ce, "Malam, kai in wata ya ƙare gwamnati na tunawa da kai. Mu wanga ƙarfe shi ne tuwon ɗiyanmu. Yau na kasa kaya tun safe, kowa ya zo sai ya ce Malam ya ba shi." Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, na raka shi har kasuwa, na zauna gaban kayansa ina yi masa kiran masu saye har la'asar. Kafin mu tashi dariyarsa ta dawo.

Abin da kake yi don jin daɗi, wani da shi yake ciyar da gida. Ka riƙe wannan ko'ina ka je. Daga ranar na daina ƙera kayan noma don mutane, na koma yi wa gida. Na yi maratayin riga, na yi maratayin fitila, na yi maratayin ludayi, na sake yin maratayin riga. Ka tashi ka ga bangon gidanmu, ba sai na ba ka labari ba. Innarka ta ce ko sauro ya shigo gidan nan ba zai rasa inda zai rataye hularsa ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi duka nauyi a zuciyata, kuma kai ya shafa. Kai bahago ne tun kana rarrafe. Cin abinci da karɓar abu da dama, wannan mun koya maka kuma ba na nadama, tarbiyya ce da addini. Amma ni ban tsaya nan ba. Duk sanda ka ɗauki guduma da hagu, sai in cire ta in mayar maka dama, wani lokaci har da ɗan bugu a bayan hannu. Halin malaman makaranta ne ya bi ni har gida. Da dama kuwa dukanka ba ya sauka inda ka nufa, sai ka lanƙwasa abin da ake son miƙewa. Na yanke hukunci a raina cewa ba ka da hannun ƙira, na bar ka a kan zuga shekara da shekaru. Ba ka taɓa yi mini musu ba. Kana zuga kana kallon gudumar.

Ka tuna ranar da na dawo daga ta'aziyya da wuri, lokacin kana hutun kwaleji? Tun daga bakin layi nake jin duka a maƙerata, a jere, ba gaggawa ba kuskure. Na ce lallai Tanko ya zo. Na leƙa sai na gan ka zaune, awartaki a dama, guduma a hagu, kana fitar da lauje. Ka gan ni ka daskare. Ni kuma, maimakon in yaba, sai malantar ta motsa. Na karɓa na jujjuya na ce, "Ya yi kyau, amma ka yi shi a juye." Don lauje kaifinsa gefe ɗaya yake, wuyansa kuma yakan ɗan karkata ya bi hannun mai yanka, naka kuwa duk ya karkata ta ɗaya gefen. Na gwada shi a ciyawar bayan gida, yana zamewa ta sama ba ya kamawa. Na rataye shi a bango cikin kayan da suka lalace.

Yana nan a rataye har ranar da Idi na Darini, mai kawo mana gawayi a jaki, ya shigo sauke kaya. Kana nan, ka ga abin da ya faru, amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi. Ya ɗaga kai ya ga laujen, ya sauke shi ba tare da ya tambaya ba, ya riƙe da hagu. Ya fita bayan gida, muka bi shi. Ya tsuguna ya kai hannu sau ɗaya, ciyawa ta kwanta. Ya sake, ta kwanta. Sai ya zauna a ƙasa dirshan. Can ya miƙo mini hannunsa na dama, yatsun duk tabo, tsoho a kan tsoho. Ya ce, "Malam, tun ina yaro nike yanka da laujen mutane, yana zamewa yana cina. Baba ya ce ni ne ban iya ba. Ashe akwai nawa. Wa ya ƙera wanga?" Na nuna ka. Ya tashi ya riƙe hannunka na hagu da hannuwansa biyu yana ta sa maka albarka, kai kana sunkuyar da kai.

Ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba a ƙira, na kuma ji kunyar da ta fi ta ranar Tanko. Ban ce maka komai ba a lokacin, ka san halina. Yau ina faɗa a rubuce: na zalunci hannunka, Abba, ka yafe mini. Kuma ka fi ni iya ƙira, nesa ba kusa ba.

Saboda na riga na sha ƙuna a kan fartanyar kyauta, ban yarda mun ƙera na biyu ba sai da muka hau babur muka je Wagini wurin Baba Tanko. Ya riƙe laujen ya juya shi ya sake juyawa, ya gwada da hagu ya kusa yanke gwiwarsa. Ya ce, "Wallahi tun kakannina ba wanda ya taɓa tuna bahago. In ya zo sai mu ce ya je ya koya. Ni hannuna ba shi yin wanga. Ku riƙe bahagwai, mun bar maku su, halak malak." Muka dawo muna dariya a hanya, har ka kusa zubar da mu a yashin rafi.

Sauran ka san shi. Ashe bahagwai suna da yawa, ɓoyewa kawai suke. Daga Darini, daga Yasore, daga Wagini, wani ya zo a babur wani a jaki, kowa ya shigo sai ya waiga ya rage murya kamar mai neman magani. Ba na manta dattijuwar nan ta Yasore da ta ƙi aike ta zo da ƙafarta, ta ce a auna hannunta. Ta gwada nata ta yi guɗa a tsakar gidanmu, Innarka ta fito da gudu ta ɗauka haihuwa aka yi. Shekarun nan da muka yi, ni ina riƙe ƙarfe ina sassaƙa ƙota, kai kana fitar da baki, su ne mafi daɗi a rayuwata. Na faɗa, ba zan janye ba.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan ka tafi da shi wurin aikinka shi ne, ka dubi hannun mutum kafin ka ba shi kayan aiki. Za ka je wa manoma da abin da aka koya maka a makaranta, kuma abu ne mai kyau. Amma in ka ga wani yana yi a juye, kada ka yi saurin cewa bai iya ba. Ka tsuguna ka ga yadda yake riƙewa, ka tambayi dalili. Wani gyara yake buƙata, wani kuwa nasa ne daban.

To, mu dawo kan maganarka. Ka ce in ka tafi ba mai yin laujen bahago. Gaskiya ne. Na gwada a bayanka, ina farawa daidai, kafin in gama hannuna ya mayar da shi na dama. Ka ce kafaɗata ba ta ɗaga guduma. Shi ma gaskiya ne, jiya ko buta da ƙyar na ɗaga sama. Ka ce zan yi kewa. Wannan ya fi duka gaskiya. Amma na riga na riƙe maka hannu shekaru da sunan na fi ka sanin abin da ya dace, ba zan zauna ina kallo ka riƙe ƙafarka da kanka saboda ni ba. Ƙirar nan sha'awa ce na ɗauko a Wagini, ba gado ba ce da za ta ɗaure ka a gindina. In ka ƙi aikin nan don ita, duk ranar da na ji ƙarar gudumarka a gidan nan baƙin ciki zan ji, ni kuwa ban saba jin haka a maƙerata ba.

Na san ka, kan naka irin na mai sunanka ne. In na tsaya a lallashi, sai ka ce to, sannan in gan ka a ƙofar gida da jaka. Don haka ban tsaya a lallashi ba. Shekaranjiya da safe na haƙe uwar maƙera daga inda take. Na naɗe zuga-zugi, na haɗa guduma da awartaki da zarto da sauran guntayen sifiri, na ɗaure a buhu. Na ɗora wa mai babur ya kai Safana gidan Malam Bala, abokina da muka yi koyarwa tare, wanda dama a wurinsa za ka sauka. Ya bugo ya ce kaya sun isa, kuma akwai rumfar kwano a bayan gidansa, ba danga ko ɗaya kusa, na tambaya har sau biyu. Idi ya ce zai riƙa kai gawayi inda duk aka ce. In ka dawo Batsari yanzu, rami kawai za ka iske a ƙasa.

Da mai babur ya tafi na zauna bakin ramin nan, hawaye suka zubo mini, ban san suna tafe ba. Innarka ta fito ta gan ni, ta koma ta yi kamar tana neman tsintsiya. Can ta leƙo ta ce, "Malam, to yanzu a ina zan riƙa samun baƙin da zan wanke?" Muka yi dariya mu biyu har na manta da kuka.

In ka isa, ka fara kai kanka wurin aiki. Bayan nan, kafin ka kunna ko ƙwayar gawayi ɗaya, ka sayi goro ka je ka gaida maƙeran garin, ka nemi babbansu. Ka gaya masa kai ba ɗan gado ba ne, sha'awa ce, kuma laujen bahago kawai kake yi. Baba Tanko yana da dangi a cikinsu, ya riga ya aika musu. Ka shafa wa fatar zuga-zugi man gyaɗa, ta sha hanya. Ƙira ranar hutu ce, kada ta ci maka lokacin aikin da aka ɗauke ka dominsa. Tafiya kuma da safe, ka tambayi labarin hanya kafin ka hau, in an ce a dakata ka dakata.

Ranar Asabar ta sama, in Allah ya kai mu kuma hanya ta yi kyau, ina tafe Safana da saƙon laujunan mutanen Yasore da Darini. Kafaɗata ba ta ɗaga guduma, amma zuga ba ta gagare ta ba, na gwada kafin in naɗe. Ka daɗe a bayana kana hura mini wuta. Yanzu kai za ka zauna gaban uwar maƙera, ni in zauna a bayanka, in ka ce in ƙara in ƙara, in ka ce ya isa in tsaya.

Allah ya kai ka Safana lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin wuta. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Allah ya yi wa hannuwanka albarka, na dama da na hagu. Innarka tana gaishe ka, ta ce ba ta ba ka haƙurin tona asiri ba. Ka gaida kawunka.

Ka tashi ka tafi, Abba. Sai na zo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Haruna, Batsari.